Rage fitmos a lambun raino: yadda za ka haɗa ƙasar tire da ta leda a Katsina

Duk mai rainon tumatir, tattasai ko kabeji a tire don sayarwa ya san buhun fitmos, baƙar ƙasar nan mai laushi da ake shigo da ita daga Turai. Iri na fitowa a cikinta ras, ba ciyawa, ba cuta, ga ta sakayau ba nauyi. Amma da kuɗin waje ake sayo ta, ta sauka a Legas ta hau mota, kafin ta iso Katsina kowa ya ɗora nasa. Sannan ba a yi ta don hunturunmu ba. Idan ta bushe ƙayau sai ta ƙi shan ruwa. Ka zuba, ya bi gefen gurbin ya tsiyaye, kai kana ganin ka yi ban-ruwa alhali cikin a bushe yake.

Can inda ake haƙo ta ma hanya na ta tsukewa. Fitmos gansakuka ce da ta mutu a fadamun ƙasashe masu sanyi irin su Estoniya, Latbiya da Kanada, ruwa ya kwanta a kanta ya hana ta gama ruɓewa. Kaurinta na ƙaruwa da kimanin milimita 1 a shekara, wato kafin a samu mita ɗaya sai an yi shekara dubu. Irin waɗannan fadamu kashi 3 cikin 100 ne kacal na doron ƙasa, amma kabon da suka riƙe ya fi na dukkan dazuzzukan duniya, kuma da an yashe su an haƙa sai ya tashi ya shiga iska. Shi ya sa kamfanin gwamnatin Ayalan, Bord na Móna, ya sanar da daina haƙarta a 2021, gwamnatin Ingila kuma ta bayyana a 2022 aniyarta ta hana sayar da ita ga masu lambun gida. Wanda ke jiran buhun ya yi araha zai daɗe yana jira.

Sai dai ka sani, buhun da kamfani ya haɗa ya zo maka da aikin da aka riga aka yi. An kashe tsaminsa da farar ƙasa, domin ɗanyen fitmos pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, wajen 4 ne, tsami ne mai yawa. An sa masa ɗan takin farawa, an tankaɗe shi, galibi an ƙara masa sinadarin da ke sa ya sha ruwa. Ranar da ka fara rage shi, waɗannan ayyuka sun dawo wuyanka, kuma ban-ruwa da takinka dole su canza. Yawancin waɗanda suka gwada suka ce bai yi ba, ƙasar kawai suka canza suka bar sauran yadda suke.

Mataki na farko: raba abin da kake raino

Dashen itace a leda, bedi ne, turare, zogale, kashu, mangwaro ko daƙwara, bai taɓa buƙatar fitmos ba. Idan kana zuba shi a ledar itace, daina yau, ba sai ka yi gwaji ba. Furanni a tukunya su ma suna jure canji. Inda aikin yake shi ne tire mai ƙananan gurabu, mai 128 ko mai 200, inda tsiro ke rayuwa a ƙasar da ba ta wuce cokali biyu ba, ga iri mai aure da ake saye da ƙirgen ƙwaya. A nan kuskure kaɗan ke cinye jari.

Mataki na biyu: kokofit, da wanke shi

Kokofit garin ɓawon kwakwa ne. Wanda aka fi gani a kasuwa dunƙule ne mai kilo 5, yawanci daga Indiya ko Siri Lanka, akwai kuma na gida da ake yi a kudu. Dunƙule ɗaya idan ya sha ruwa yakan ba da lita 60 zuwa 70. Tire mai gurbi 128 na cin wajen lita 3, ka ga dunƙule ɗaya zalla zai cika tire kusan 20, idan kuma shi ne rabin haɗin, tire 40. Ya fi fitmos a abu ɗaya da ya shafe mu ƙwarai: ko ya bushe, da ka zuba ruwa zai sha.

Aibinsa gishiri. Kwakwa itaciyar bakin teku ce, ɓawonta cike yake da sodiyam da fotasiyam. Kokofit ɗin da ba a wanke ba yana iya hana iri fitowa, ko ya fito bakin ganyensa ya ƙone. Kada ka dogara da rubutun jikin leda. Samu rabin duro ko babban baho, ka huda ƙasansa ka toshe. Jiƙa dunƙulen ya kumbura, ka marmashe shi, ka cika da ruwa har ya haura, ka bari ya kwana. Da safe ka buɗe ya tsiyaye, ka sake cikawa. Yi haka har ruwan da ke fita ya kusa daidai da wanda kake zubawa a mitar awon gishiri da za mu yi bayaninta a mataki na biyar. Jan da ruwan ke yi ba shi ne ma'auni ba, ruwa na iya yin fari gishirin yana nan.

Bayan wanki akwai sauran aiki. Kokofit na riƙe sodiyam da fotasiyam a jikinsa, idan ka ba tsiro taki sai ya ƙwace kalsiyam ɗin ciki ya saki waɗancan. Maganinsa shi ne a jiƙa shi cikin ruwan takin kalsiyam naitret, kamar giram 2 a kowace lita, ya kwana, a tsiyaye, a ɗauraye sau ɗaya. Masu sayar da kayan noman gidan leda suna da wannan taki. Idan za ka raini tumatir da tattasai, kada ka tsallake wannan.

Mataki na uku: buntun shinkafa

Buntu shi ke buɗe wa saiwa hanyar iska, aikin da fararen ƙwayoyin nan na cikin buhun kamfani ke yi. Yana nan jibge a bayan injinan shinkafa, a Funtuwa da Bakori har ƙananan injina na unguwa. Nemi na shinkafar da aka turara kafin a kai ta inji, domin turarar ta kashe ƙwayar shinkafa da ta ciyawa. Ɗanyen buntu zai cika maka tire da tsiron shinkafa, ya kira ɓera da gara.

Ni na fi son a mayar da shi gawayi. Ka samu tsohuwar garwa ko gwangwani babba, a huhhuda jikinsa, a haɗa masa bututun ƙarfe a sama kamar mita ɗaya da rabi. Hura ƙaramar wuta a ƙasa, kife garwar a kai, ka tara buntu kewaye da ita har ya rufe ta, bututun kawai ke waje. Wuta za ta riƙa cin buntun daga ciki a hankali. Duk inda baƙi ya ɓullo a saman tulin, ɗebo daga gindi da shebur ka rufe. Idan kusan duka ya yi baƙi, baza shi ka kashe da ruwa sosai. Minti kaɗan na sakaci ya isa ya zama farar toka, toka kuwa kanwa ce, ba ta da amfani a tire. Kada a yi wannan aiki ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ko kusa da rumfar zana, kuma a duba tulin da dare, domin buntu na ɓoye wuta. Gawayin ma yana da ɗan kanwa-kanwa, don haka ka ɗauraye shi kafin haɗi.

Mataki na huɗu: taki, wanda ya fi kowa kashe tsiro

Kashin shanun da ya shekara a turke a bushe ba ruɓaɓɓe ba ne, busasshe ne kawai. Ranar da ya sha ruwa a cikin tire ranar zai fara ruɓa, ya yi zafi, ya fitar da warin fitsari, saiwa ta ƙone. Takin da zai shiga tire sai ka ruɓar da shi da kanka. Jera kashin shanu da busasshen ganye da guntayen harawa hawa-hawa, tuli mai tsayin ƙugu ko fiye, kana yayyafa ruwa a kowane hawa. A wurinmu bushewa ce ke tsayar da ruɓa, don haka ka yi shi a inuwa ka rufe da tsofaffin buhuna. Cikin kwanaki kaɗan tsakiyarsa za ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, digiri 55 zuwa 65, wannan zafin ne ke kashe ƙwayar ciyawa da cuta. Juya shi duk mako biyu, na waje ya koma ciki, kana ƙara ruwa. Yakan ɗauki wata uku ko fiye. Ya nuna idan ka juya shi bai sake ɗaukar zafi ba, ba ka iya gane kashi daga ganye, ƙamshinsa kamar na ƙasar da ruwan farko ya sauka a kai. Sai ka tankaɗe da rariya mai ƙananan idanu.

Kashin kaji ya fi ƙarfin tire, gishirinsa da zafinsa sun yi yawa. Ƙasar juji kuwa, da batir da toka da gilashi a ciki, ko ledar itace ba na so ta shiga. Ɗanyen garin katako na ƙwace naitirojin daga bakin tsiro ya bar shi rawaya. Ɓawon gyaɗa yana da kyau idan an daka shi an sa shi cikin tulin taki ya ruɓe, ɗanyensa abincin gara ne.

Mataki na biyar: awo uku kafin iri mai tsada ya taɓa ƙasar

Sayi ƙananan mita biyu, ta awon gishiri da ake rubuta EC a jikinta da ta pH. Kuɗinsu bai kai asarar tire goma na iri mai aure ba. Fara da ruwanka. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse na da nauyi, a hankali yana ɗaga pH na ƙasar tire. Ruwan dam, na Ajiwa ne ko Zobe ko Sabke, yawanci gishirinsa kaɗan ne, amma yakan zo da laka da ƙwayoyin cuta, sai a bari ya kwanta. Ruwan da ya haura 0.75 a mitar EC sai an yi hattara da shi wajen ƙananan tsiro.

Awon haɗin kansa: kofi ɗaya na ƙasar, kofi biyu na ruwa mai tsabta, a dama, a bari rabin awa, a tace, a tsoma mita. Don shuka iri ana son EC tsakanin 0.25 da 0.75, pH kuma 5.5 zuwa 6.5. Idan EC ya haura, rage taki ko ka ƙara wanki. Idan pH ya kai 7, rage gawayin buntu da taki. Kada ka ƙara farar ƙasa ko toka don ka ji ana sa wa fitmos, kokofit ba shi da wannan tsamin.

Awon iska ba ya buƙatar mita. Yanke robar ruwa daidai lita ɗaya, huda ƙasanta ka liƙe da salatif. Cika ta da haɗin yadda kake cika tukunya, zuba ruwa a hankali har ya bayyana a sama, bari ya jiƙa sosai. Ɗora ta kan kwano ka cire salatif ɗin. Ruwan da ya tsiyayo shi ne gurbin da iska za ta zauna. Mililita 100 zuwa 200 shi ake nema. Ƙasa da haka saiwa za ta shaƙe, ƙara buntu. Fiye da haka sosai, za ka wuni kana ban-ruwa.

Awo na uku shi ne tambayar irin da kansa. Shuka ƙwaya 20 na tumatir mai araha, irin su UTC, a sabon haɗin, 20 a tsohon. Bayan kwana goma ka ƙirga, ka tuge ka duba saiwa. Fara tas ake so.

Mataki na shida: haɗin

Ka auna da bokiti, ba da kilo ba, kuma kayan su kasance da ɗan damshi, ba a danne ba. Cikin bokiti goma, ga yadda za ka sauko da shi a hawa uku.

Hawan farko: fitmos 5, kokofit 3, gawayin buntu 1, taki 1. Wannan ya raba kuɗin fitmos biyu, kuma da wuya ka ga bambanci a tsiro.

Hawa na biyu: fitmos 3, kokofit 4, gawayin buntu 1, taki 2.

Hawa na uku: kokofit 6, gawayin buntu 2, taki 2, babu fitmos ko kaɗan.

Taki kada ya wuce bokiti biyu cikin goma a tire, komai kyansa. Buntu ma idan ya wuce biyu, curin saiwa ba zai kama ba, kana cire tsiro ƙasar na zubewa, manomi kuwa curin nan yake biya wa kuɗi.

Furanni a tukunya: kokofit 4, taki 3, buntu 2, yashi 1, yashin don iska kada ta riƙa kifar da tukunyar. Reshen da ake so ya yi saiwa ba ya son taki sam, yashin rafi da gawayin buntu rabi da rabi ya ishe shi. Ledar itace kuwa, tsohon haɗin ƙasa biyu, yashi ɗaya, taki ɗaya yana aiki, sai dai ƙasarmu ta jigawa, musamman wajen Daura da Mai'aduwa, yashi ce da ma. A maye gurbin yashin da buntu, ledar ta yi sauƙin ɗauka kuma ta fi riƙe damshi. Idan ƙasar fadama za ka ɗebo, tana iya zuwa da tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli. Baza ta da kaurin da bai wuce taƙi ɗaya ba, jiƙa ta, rufe da farar leda mai shara-shara ka binne gefunan, ka bar ta mako huɗu zuwa shida a zafin Maris zuwa Mayu.

Yi haɗin a kan siminti ko tamfol, a juya da shebur aƙalla sau uku. Ka damƙa a hannu, ya cure, ruwa bai ɗiga ba. Cika tire ka buga shi a ƙasa sau ɗaya ko biyu, kada ka danna da yatsa. Haɗin da ke da taki ba a ajiye shi wata da watanni, yi wanda za ka ƙarar cikin mako biyu ko uku.

Mataki na bakwai: gwaji a tire goma cikin ɗari

Iri ɗaya, rana ɗaya, rumfa ɗaya, a rubuta a jikin kowane tire. Amma ka ware su gefe guda, kada ka cuɗanya su da na tsohon haɗi. Idan suna jere ɗaya, mai ban-ruwa zai ba su ruwa iri ɗaya, kuma tsarin da ya saba da shi na fitmos ne, ka ga an kayar da sabon tun kafin a fara.

Mataki na takwas: ban-ruwa

Saman kokofit da buntu na bushewa ya yi haske da wuri, musamman da hunturu, alhali ƙasan gurbin sharkaf yake. Yaron da ya saba duba launin fitmos zai ɗauko buta ya sake zubawa. Kwana kaɗan sai ka ga tsiro na kwanciya, gindinsa ya tsuke ya ruɓe, gansakuka ta rufe saman tire, ƙananan baƙaƙen ƙudaje na tashi. A ce ƙasar ce ba kyau, alhali ruwa ne ya yi yawa.

Ka zaunar da shi ka nuna masa da hannu: "Ɗaga wannan, yanzu aka ba shi ruwa. Ɗaga wancan. Ka ji bambanci? Sai ya kusa rabin nauyin nan za ka ba shi." Nauyi ne ma'auni, ba ido ba. A ba da ruwa da safe har ya fara ɗiga ta ƙasa. Da rana a duba, a ƙara wa na gefe da na bakin iska, su ke fara bushewa. Kada a jiƙa tire dab da magariba a kwanakin sanyi. Sau ɗaya a mako a ba da ruwa zalla mai yawa ya wanke gishirin da ya taru. Tire su zauna a kan benci ko bulo, ba a ƙasa ba, saboda gara da kuma saiwa kada ta zarce ta kama ƙasa.

Mataki na tara: taki na ruwa

Babu takin farawa a haɗinka sai ɗan abin da ruɓaɓɓen taki ya kawo, don haka ka fara ciyarwa da zarar ganyen gaskiya na farko ya buɗe. Yi amfani da taki mai narkewa, wanda aka rubuta 20-20-20 a jikinsa, rabin giram a lita ɗaya, wato giram 10 a bokiti mai lita 20, sau biyu a mako. Idan tsiro ya yi ƙarfi ka iya kai shi giram ɗaya a lita. Kada ka barbaɗa kamfa ko yuriya a tire, ƙwaya ɗaya ta ishi ta kashe gurbi. Kamfa ta ledar itace ce, giram 20 zuwa 40 a bokitin haɗi mai lita 20, a cakuɗa sosai.

Ganye zai gaya maka abin da ya rage. Na ƙasa ya yi rawaya, tsiro ya tsaya cak: yunwar naitirojin ce, ƙara ciyarwa. Sabon ganye na sama ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore: pH ya hau, sinadarin ƙarfe ya ƙi shiga, lemo ya fi kowa nuna wannan. Bakin ganye ya ƙone, farin gishiri a saman ƙasa: wanke da ruwa zalla, ka dakatar da taki kwana biyu.

Tumatir na isa dashe a mako uku zuwa huɗu, tattasai da attaruhu mako biyar zuwa shida. A makon ƙarshe a rage ruwa a ƙara musu rana, su saba da abin da za su tarar a gona.

Lissafi, da lokacin matsawa gaba

Kada ka kwatanta kuɗin buhu da na dunƙule. Fitar da kuɗin lita ɗaya ta haɗin da ya gama shiri, har da ruwan wanki, man janareta, ɗauko buntu, takin ruwa da ladan ma'aikata. Ninka sau uku, tunda tire mai gurbi 128 lita 3 yake ci, kuɗin tire ɗaya ke nan. Raba shi da yawan tsiron da ya kai a sayar, ba yawan gurabu ba. Idan ƙasa mai araha ta sa ka rasa tsiro goma sha biyar a kowane tire na iri mai aure, tsada ta yi maka.

Lokaci ma na cikin lissafin. Masu noman rani, na Danja da Kafur har na bakin dam ɗin Jibiya, suna neman dashe daga Satumba zuwa Nuwamba, ka ga tulin takinka ya kamata ya tashi tun Yuni. Gawayin buntu a yi shi da rani a adana a buhu, domin jiƙaƙƙen buntu ba ya cin wuta. Gwaji kuma a yi shi kafin oda ta yi yawa, kada ka koyi sabon haɗi a kan dashen da wani ya riga ya biya kuɗinsa.

Wasu masu saye da sun ga buntu a tire za su ɗauka ha'inci ne. Kada ka tsaya dogon bayani. Ciro tsiro ɗaya ka miƙa masa: "Alhaji, duba saiwar." Ka kuma gaya wa Hajiyar da ta sayi fure cewa ta riƙa tsoma yatsa kafin ta zuba ruwa, in ba haka ba za ta kashe shi ta ce kai ne.

Ka matsa daga hawa ɗaya zuwa na gaba idan zubi biyu a jere sun ba ka fitowa da curin saiwa daidai da tsohon haɗi, ɗaya da sanyi ɗaya da zafi in ya yiwu. Tumatir, kabeji, kokwamba da kankana su ke fara kaiwa hawa na uku. Attaruhu, da yake yana daɗewa a tire, da furanni masu ƙananan ƙwaya da masu son ƙasa mai tsami, bar su a hawa na biyu har sai mitarka ta nuna pH na tsayawa ƙasa da 6.5 tun daga shuka har ranar da za su bar lambun.